Ƙubbar taurari a zauren makaranta: sharhi a kan baje kolin kimiyyar sama mai yawo a Bauchi

Manyan gidajen da aka adana kayan binciken sararin samaniya duk suna nesa da mu ƙwarai. Wanda yake son ya tsaya a gaban kumbon da ya dawo da 'yan sama-jannatin Apollo 11 daga duniyar wata a shekarar 1969, sai ya dangana da birnin Washinton na Amurka, inda gidan tarihin jiragen sama da kumbuna na cibiyar Smithsonian yake ajiye da shi. Wanda kuma yake son ganin rokar Saturn V, mai tsawon kimanin mita 110, sai ya nufi cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida. Ɗalibin ƙaramar sakandare a Bauchi, wanda mahaifinsa yake fama da kuɗin makaranta, ba shi da hanyar isa waɗannan wurare, kuma ko Abuja, inda hedikwatar hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, take, ba kowace makaranta ce take iya kai ɗalibanta ba, saboda kuɗin mota da na masauki da kuma fargabar da iyaye suke yi game da hanya. Wannan giɓi ne ya buɗe ƙofa ga wata sabuwar sana'a, ta masu ɗauko gidan kallon taurari a bayan mota su kawo shi har cikin makaranta.

Wani ƙaramin kamfani na wasu matasa ne makarantarmu ta ɗauka domin wannan aiki, kuma da yake ni ne malamin kimiyyar da aka ɗora wa alhakin tattaunawa da su da kuma tsara shigar ɗalibai, na ga aikinsu tun daga sauke kaya har zuwa naɗe su. Abin da suka zo da shi bai fi cikin bas ɗaya ba: ƙubba ta baƙin yadi mai kauri wadda ake hura wa iska, da majigi mai madubi na musamman, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da allunan hotuna masu ƙafa, da na'urar hangen nesa, sai wasu ƙananan kayan gwaji. Hukuncina a kansu shi ne, ƙubbar kaɗai ta cancanci kuɗin da aka biya, amma shirin gaba ɗaya yana da wata naƙasa da ta fi zafin zaure da ƙarar janareta damuna, wato yana gabatar da ilimin sama tamkar wani abu ne na mutanen ƙetare wanda ba mu da ko sisi a cikinsa.

Ta fuskar mu'amala ba ni da ƙorafi mai yawa. Sun amsa waya a kan lokaci, sun aiko da takardar da ta fayyace faɗi da tsayin zauren da suke buƙata, sun karɓi rabin kuɗi ta hanyar banki suka ba da rasit, kuma sun iso tun kafin a tashi daga taron safe. Da muka nemi a shigar da mata daban maza daban, kuma a dakata domin sallar Azahar, ba su yi gardama ba.

Ƙubbar ita ce zuciyar al'amarin. Fanka ce mai ƙarfi take hura ta har ta miƙe, kuma ba a kashe fankar muddin akwai mutane a ciki, domin ita take riƙe da rufin, ita kuma take sabunta iska. Ana cire takalma a shiga ta wata 'yar ƙofa mai ninki biyu da ke hana haske kutsawa, a zauna a kan tabarma, majigin yana tsakiya yana watsa hoto a dukkan rufin, daga gefe zuwa gefe. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1923 kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera majigin taurari na farko saboda gidan tarihin kimiyya na birnin Munik. Abin da ya sauya shi ne, na'urar da a da sai an gina mata gida na musamman yanzu ta koma abin da mutum ɗaya zai ɗauka a hannu. Sa'ad da aka kashe fitila, idanu suka saba da duhu, taurari suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya har rufin ya cika, ajin da na sani da surutu sai ya yi tsit. Ya kamata a tuna cewa yawancin waɗannan yara a cikin gari aka haife su, inda fitilun kan titi da na shaguna suka dushe sama, ba su taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye sun ga farin zanen nan na dubban taurari da ke ratsa sama ba. Abin da kakanninsu suke gani kyauta kowane dare, su sai da aka biya kuɗi aka nuna musu shi a cikin yadi, kuma wannan ba laifin kamfanin ba ne.

Sai dai a zaman farko an yi wani kuskure wanda ya nuna irin sakacin da nake magana a kai. Da mai gabatarwa ya haska tauraron arewa, sai na ga tauraron ya haye can sama, ya wuce rabin tazarar da ke tsakanin gefen ƙubba da tsakiyarta. Wannan ba zai yiwu a Bauchi ba. Tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ƙasa daidai yake da nisan garin mutum daga layin da ya raba duniya biyu, kuma Bauchi tana kan digiri 10 da ɗoriya ne a arewacin wannan layi, saboda haka a wurinmu tauraron ƙasa-ƙasa yake, kimanin faɗin dunƙulen hannu idan mutum ya miƙe hannunsa gaba, har ma duwatsun da suka kewaye garin sukan ɓoye shi. Manhajar da suke amfani da ita, Stellarium, kyauta ce kuma tana iya nuna saman kowane gari a kowane lokaci, amma sun bar ta a kan saitin wani birni na Turai. Na ja shi gefe na ce, "Malam, a duba saitin wuri, wannan sama ba tamu ba ce." Ya duba, ya ba da haƙuri, ya gyara cikin ɗan lokaci. Amma tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce yawan makarantun da aka nuna wa saman Turai a matsayin tasu, ba tare da an sami wanda ya lura ba.

Asarar da ke cikin wannan kuskure ba ƙarama ba ce, domin matsayinmu kusa da tsakiyar duniya wata baiwa ce ga mai kallon sama. Mutumin Landan ba zai taɓa ganin taurarin kudu masu nisa daga gidansa ba, mu kuwa a cikin shekara guda muna ganin kusan dukkan sama, ta arewa da ta kudu. A watannin Afrilu da Mayu, bayan sallar Isha'i, wanda ya fuskanci kudu a fili marar gine-gine zai ga taurari huɗu da suka yi siffar gicciye, a gabashinsu kuma akwai Alfa Sentauri, wanda shi da abokan tafiyarsa su ne taurari mafiya kusa da ranarmu, duk da cewa haskensu yakan yi fiye da shekara 4 a hanya kafin ya iso. Bayan an gyara saitin duk waɗannan sun bayyana a ƙubbar, kuma darasin ya koma abin da yaro zai iya fita da dare ya gwada da idonsa.

Shugabar makaranta ta sa an shigo da dattijon da yake mana gadi a zama na gaba, mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana noma kafin ya dawo birni. Da aka haska wani ɗan cincirindon taurari, kafin mai gabatarwa ya buɗe baki, sai dattijon ya ce, "Yaro, waccan ai Kaza ce da 'ya'yanta. Idan ta daina fitowa da almuru a ƙarshen bazara, mukan san lokacin sharar gona ya yi." Saurayin ya amsa da ladabi, ya ce, "Gaskiya ne, Baba, a ƙara mana bayani," amma a fili yake cewa bai san akwai wannan ilimi ba. Malamai da manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, suna sanin shigowar damina da tsakiyarta da fitarta ta hanyar irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha. Shirin da zai fara daga wannan lissafi, ya nuna wa yaro dalilin da ya sa taurarin da ake gani suke sauyawa daga wata zuwa wata, wato kewayen da duniya take yi wa rana, zai shiga kai fiye da wanda ya fara da tatsuniyoyin Girkawa, kuma da tatsuniyoyin Girkawa nasu shirin ya fara.

Inda suka fi burge ni shi ne darasin wata, wanda wata budurwa daga cikinsu ta gabatar. Da tocila da ƙwallo biyu ta nuna cewa wata ba shi da hasken kansa, kuma siffarsa tana sauyawa ne gwargwadon ɓangaren da rana ta haska wanda yake fuskantarmu. Ta bayyana cewa daga jinjirin wata zuwa wani jinjirin kwana 29 da rabi ne a matsakaici, shi ya sa watan Musulunci yake yin 29 ko 30, shekarar kuma take yin kwana 354, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, wanda shi ne dalilin da azumi yake zagayawa daga zafi zuwa damina zuwa sanyi. Wata ɗaliba ta tambaye ta, "Malama, tun da wata yana shiga tsakaninmu da rana kowane wata, me ya sa ba a yin husufi kowane wata?" Ta ɗan karkata ƙwallon, ta nuna cewa hanyar da wata yake bi ta kauce wa hanyar duniya da kimanin digiri 5, saboda haka galibi inuwar takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Ta kuma yi magana a kan ganin wata da sallar husufi cikin natsuwa, ba ta raina abin da yaran suka taso a kai ba, ba ta kuma tsoma baki cikin hurumin malaman addini ba. A garin da maganar tsayuwar wata take ta da muhawara kusan kowace shekara, wannan ƙwarewa ce da ba kowane mai digiri yake da ita ba.

Ita ce kuma ta amsa tambayar da na san dole a yi, wadda wani yaro ya yi, wato ko da gaske ne an je duniyar wata. Ba ta yi wa yaron dariya ba. Ta ce mutum 12 ne suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, sun dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382 waɗanda masana na ƙasashe daban-daban suka bincika, sun kuma bar wasu madubai a can waɗanda har yau ake harba musu hasken lesa daga duniya domin auna nisan wata, wanda ya kai kimanin kilomita 384,000. Ta ƙara da cewa Tarayyar Sobiyet, wadda ta riga Amurka harba tauraron ɗan'adam a 1957, ta kuma riga ta tura mutum sama a 1961, tana da na'urorin bibiyar kumbuna da kuma cikakken dalilin tona asiri da a ce ƙarya aka shirya. Ban ce yaron ya gamsu nan take ba, amma ya tafi da hujjojin da zai juya a ransa.

Allunan hotunan da aka jera a bakin zaure su ne mafi rauni a cikin shirin. Wasu sun koɗe, ɗaya kuma har yanzu yana lissafa Fuluto a matsayin duniya ta tara, alhali tun a 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta mayar da ita cikin rukunin ƙananan duniyoyi. Akwai wani dutse a cikin akwatin gilashi da yara suka yi ta rububin gani suna cewa dutsen wata ne, kuma babu wata takarda da ta bayyana cewa kwaikwayo ne, sai da na tambaya aka faɗa. Gidan tarihi na gaskiya, komai ƙanƙantarsa, yakan rubuta a fili abin da yake na asali da abin da aka kwaikwaya, domin amanar mai kallo ita ce jarinsa. Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne, na bi allunan daga farko har ƙarshe, na ga Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, na ga Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, na ga motocin da ke yawo a duniyar Mars, ban ga sunan Nijeriya ko sau ɗaya ba.

Wannan rashi a Bauchi aka yi shi, garin da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake kwance. A ranar 23 ga Agusta, 1963, shugaban Amurka John Kennedy ya yi magana ta waya da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, inda wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a tashar Legas ya zama mahaɗar saƙon, kuma ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka zanta kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Yawancin ɗalibanmu an taɓa kai su kabarinsa, sun ga kayayyakinsa da aka adana a wurin, amma ba su san mutumin yana da gurbi a tarihin sadarwar sararin samaniya ba. Allo guda mai hotonsa da wannan labari da ya fi allunan Fuluto goma amfani. Haka nan a farkon shekarun 1960 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta kafa tashar bibiyar kumbuna a kusa da Kano, tana cikin jerin tashoshin da suka bi sawun ɗan sama-jannatin Amurka John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku a watan Fabrairun 1962. A cikin jihar nan tamu kuma, a Toro da ke kan hanyar Jos, akwai cibiyar hukumar NASRDA mai auna siffar ƙasa da lura da motsinta, har da girgizar ƙasa, wadda ko ambatonta ba a yi ba, alhali ita ce shaidar da ta fi kusa da yaro cewa irin wannan aiki ana yin sa a gida, kuma ana ɗaukar mutane albashi a kansa.

Batun taurarin ɗan'adam na ƙasar nan ma labari ne mai daɗi da ɗaci wanda ya dace da aji. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumban 2003, kuma hotunan da ya ɗauka sun yi amfani har a Amurka lokacin guguwar Katrina ta 2005. An harba NigComSat-1 daga Sin a 2007, ya daina aiki a 2008 saboda matsalar faifan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a watan Disamban 2011. A watan Agustan shekarar 2011 ɗin kuma aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi a Ingila a lokacin da suke karɓar horo. Ko dish ɗin talabijin da ke kan rufin gidajen unguwa darasi ne: yana fuskantar wuri ɗaya dare da rana ne saboda tauraron da yake kamawa yana can a nisan kusan kilomita 36,000, inda saurin kewayensa ya yi daidai da juyawar duniya. Sannan ga duwatsun da suka faɗo mana daga sama. Wanda ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a watan Oktoban 1962, mai nauyin kimanin kilo 18, bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito, wanda kuma ya faɗo a yankin Gujba, cikin jihar Yobe ta yanzu, a watan Afrilun 1984, yana cikin nau'in da ba kasafai ake samu ba. Kamfanin da ya ajiye dutsen roba a gilashi bai san cewa maƙwabtanmu sun tsinci na gaske a gona ba.

A filin wasa sun farfaɗo da martabarsu. Sun ajiye ƙwallon ƙafa a matsayin rana, suka ba wata yarinya ƙwayar gero a matsayin duniya, suka sa ta taka har kimanin mita 24, sannan suka ce duniyar Jupita, wadda a wannan ma'auni ba ta fi ƙaramin goro ba, tana can wajen mita 120, duniyar Naftun kuwa sai an fita daga makarantar an yi tafiyar kimanin mita 700. Na duba lissafin, daidai yake, kuma ban taɓa ganin zanen littafi da ya isar da girman wannan fanko kamar yadda tattakin ya isar ba. Rokar gorar ruwa, wadda ake dannawa iska da famfon keke har ta tashi, ta jawo ihu da tafi, sai dai an yi saurin wucewa a kan dalilin tashinta, wato ruwan da ya fita ta ƙasa da ƙarfi shi yake tura gorar sama, wanda shi ne dokar Newton ta uku da ke cikin manhajar karatunsu.

Kallon dare da na'urar hangen nesa ya zo da matsalar da ba tasu ba ce kacokan, amma da sun yi mana gargaɗi a kanta. Mun sa ranar a tsakiyar hunturu, hazo ya turnuƙe, ƙananan taurari duk suka ɓace. Wata dai ya fito sarai da ramukansa da inuwar duwatsunsa, Jupita ma ta nuna 'yan watanninta huɗu a jere, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610, kuma iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu sun fi yaran daɗewa a layi. Wani mahaifi ya ɗago daga na'urar yana ta tasbihi, ya koma ƙarshen layi domin ya sake gani. Na'ura ɗaya ce tak ga taron jama'a, kuma da yake duniya tana juyawa, abin da aka saita yakan zame daga gani cikin ɗan lokaci, sai an sake nemo shi, wanda hakan ya cinye rabin lokacin. Sun yi bayanin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda take tafiya a tsayin kimanin kilomita 400, kusan nisan Bauchi zuwa Abuja a mota, tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma ana iya ganinta da ido tana wucewa bayan magariba ko kafin asuba. Da sun duba jadawalin wucewarta tun kafin a tsayar da rana, da an haɗa da ita ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Sauran matsalolin na yau da kullum ne, amma suna iya ɓata shirin. Daga hantsi zuwa azahar cikin ƙubbar ya yi zafi matuƙa, kuma wannan a hunturu ke nan, saboda haka ban ga yadda za a yi shi a watan Maris ko Afrilu a zauren da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ba. Wutar lantarki ta ɗauke, aka koma janareta, wanda man da ya sha a kan makaranta ya faɗa duk da cewa takardar yarjejeniya ba ta ambaci hakan ba. Da suka ga lokaci yana ƙurewa, sai suka riƙa cusa ɗalibai fiye da ƙima suna kuma taƙaita zaman, har azuzuwan ƙarshe suka sami kusan rabin abin da na farko suka samu, alhali kuɗi ɗaya kowa ya biya. Ƙofar ƙubbar ma sai an sunkuya, kuma ba su yi tanadin komai ba domin ɗalibinmu mai keken guragu, sai da muka ɗaga gefen yadin da kanmu. Fim ɗin da suka saka a tsakiyar zaman kuwa da Turancin Amurka yake, mai sauri, ga ƙarar fanka, kuma na tabbata ƙananan azuzuwa hotuna kawai suka kalla. Duk lokacin da budurwar nan ta dakatar da shi ta yi bayani da Hausa, sai hannuwa su tashi da tambayoyi, da ta mayar da shi kuma sai a koma shiru.

Ga makarantar da take tunanin ɗaukarsu, ko ɗaukar wasu masu irin wannan sana'a a Bauchi ko Gombe, kuɗin a kan kowane ɗalibi ake yanka shi, kuma yana sauka idan yawan ya ƙaru, don haka ƙananan makarantu biyu na unguwa ɗaya za su iya haɗa kai. A sa ranar a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke ya wanke sama kuma kafin hazo ya sauka, a kuma zaɓi daren da wata yake kusan rabi, domin a lokacin ne inuwa take fito da ramukansa, ba daren sha huɗu ba da haskensa yake kashe ido. A rubuta a cikin yarjejeniya adadin ɗaliban da za su shiga a kowane zama da tsawon zaman da kuma wanda zai sayi man janareta, a kuma riƙe cikon kuɗi sai aji na ƙarshe ya fito. Malamin kimiyya ya shiga ƙubbar kafin ɗalibai, ya tabbatar an saita manhajar a kan garinsu, ya nemi a yi bayani da Hausa ga ƙananan azuzuwa. Labarin Tafawa Ɓalewa da na Kano da Toro da Gujba kuwa, tun da ba ya cikin kayan da suke saukewa daga mota, malamin ya rubuta shi a kan kwali da hannunsa ya kafa a bakin zauren kafin su iso.